Abubuwan da ya kamata ka sani game da sharar toka kafin gashi a tanderun itace

Tsakanin lokacin da wuta ta gama cin itace a tanderun bulo da lokacin da kwanon burodi na farko zai shiga, akwai 'yan mintoci da ba a cika ba su muhimmanci ba. A cikinsu ake janye garwashi, a share toka, a goge daɓe. A gidajen burodi da dama sabon yaro ake bar wa wannan aiki, don ana ganin shara ce kawai, kuma kowa ya iya shara. A ganina wannan babban kuskure ne. Sharar tanderu wani ɓangare ne na sarrafa zafi, matsayinta ɗaya da hura wutar kanta. Burodin da ya fito da ɗanyen gindi, ko wanda ya sa mai ci ya ji ƙasa a haƙori, sau da yawa daga nan matsalarsa ta faro.

## Wane irin tanderu ake nufi?

Akwai tanderun da wutarsa ke wani ɗaki daban, a ƙasa ko a gefe, zafi ne kawai ke ratsowa zuwa inda burodi yake. Tokar irin wannan ba ta haɗuwa da abinci. Wanda ake magana a kai shi ne wanda ɗakin wuta da ɗakin gashi duk ɗaya ne: a jibga itace a kan daɓe, a hura, a bari bulo ya sha zafi na awanni, sannan a fitar da wutar a jera burodi daidai inda ta tashi. Zafin da bulo ya adana shi ne ke sakowa sannu a hankali ya yi gashin.

Tsari ne mai daɗaɗɗen tarihi. A Pompei ta ƙasar Italiya, garin da aman dutse ya binne a shekara ta 79 miladiyya, masu tono sun tarar da gidajen burodi sama da 30, kuma a tanderun ɗaya daga cikinsu an samu burodi 81 sun zama gawayi a inda aka jera su. Mai gidan burodi daga Kano ko Maraɗi da zai ga waɗannan tanderu, ba sai an yi masa bayani ba: daɓe shimfiɗaɗɗe, rufi mai kumburi, baki ɗaya. Larurar ma ita ce dai har yau, wurin da aka ƙona itace nan za a ajiye abinci.

## Abin da toka ke yi wa gashi

Zafi na isa ga burodi ta hanyoyi uku. Akwai wanda rufi da bango ke watsowa, akwai na iskar da ke zagayawa a ciki, sannan akwai wanda ke shiga kai tsaye daga daɓe zuwa gindin kwano ko gindin kwaɓi. Wannan na ukun shi ke fara taɓa kwaɓin, ya sa iskar da yis ya tara ta buɗe, burodi ya yi tashinsa na ƙarshe a mintocin farko kafin ɓawo ya kama. Sharaɗinsa ɗaya, gindi ya zauna daram a kan bulo.

Toka kuwa ba ta barin zafi ya wuce. Gari ce mara nauyi, cike da iska a tsakanin ƙwayoyinta, iskar da ke tsaye wuri ɗaya kuma ba ta kai zafi ko'ina. Duk matar da ta taɓa binne garwashi a toka da daddare ta tono shi da ransa da asuba ta san haka. Abin da ya hana zafin garwashin nan fita, shi zai hana zafin daɓe isa ga burodi. Ga shi kuma toka ba ta kwanciya bai ɗaya. Nan ta yi kauri, can ta yi siriri, gefe guda bulo a fili. Sai a fitar da gashi ɗaya, kwano ɗaya gindinsa ya ƙone, na kusa da shi fari fat, na uku rabi da rabi. Mai gida ya hau zargin fulawa ko yis ko mai kwaɓi, alhali laifin na kwance a kan daɓe.

Wani zai ce ai burodinmu a kwano ake gasa shi, ba ya taɓa ƙasa. Gaskiya ne kwano na kare shi daga ƙazanta kai tsaye, amma ba ya kare shi daga sauran. Guntun gawayi ɗaya a ƙarƙashin kwano ya isa ya ɗaga gefe guda, burodi ya fito a karkace, ɓari ɗaya bai gasu ba. Sannan duk sa'ad da aka buɗe ƙofa, iska mai sanyi na shiga ta ƙasa ta ɗebi tokar da ke kwance ta watsa a kan kwaɓi mai danshi, inda za ta manne ta gasu tare da ɓawo. Wadda ta manne a bayan kwano mai maiƙo kuma tana bin hannun ma'aikaci zuwa tebur, daga tebur zuwa burodi mai zafi da ake shafa wa bota.

Ƙasar da ake ji a haƙori ma ba tokar ba ce ita kaɗai. Itacen da aka jawo a ƙasa yana zuwa da yashi a ɓawonsa, katakon gini kuma yana zuwa da ƙusa. Wuta na cinye itacen ta bar yashin da ƙusar a daɓe.

## Shin toka guba ce?

A nan ya kamata a rarrabe abubuwa uku da ake haɗawa wuri ɗaya.

Na farko, farar tokar itace mai tsabta. Idan busasshen itace ya ƙone ƙurmus, abin da ke saura kaɗan ne, sau da yawa kilo ɗaya ko biyu cikin kilo 100, ɓawo kuma ya fi tsakiyar itace barin toka. Ragowar nan ma'adanai ne da bishiya ta tsotso daga ƙasa, mafi yawa kalsiyam, sai fotasiyam da sauransu. Ɗabi'arta irin ta kanwa ce, shi ya sa ake tace ruwan toka a zuba a girki. Buzayen Abzin ma a cikin rushi da yashi mai zafi suke binne kwaɓin burodinsu na tagella, in ya gasu su kakkaɓe, su ɗauraye, su ci. Saboda haka ɗan burbushin farar toka a gindin burodi ba ya cutar da mai ci. Ɗanɗano yake ɓatawa da ɗaci-ɗaci, ya kuma ɓata ido. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne ma'aikacin, domin toka in ta shiga ido tana ƙuna, in ta jiƙe ta daɗe a fata tana ci.

Na biyu, kunkunniya, baƙin da hayaƙi ke bari a rufi da bango. Ita ragowar abin da bai gama ƙonewa ba ce, kuma tana ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Tun a 1775 wani likitan fiɗa a Landan mai suna Percivall Pott ya lura da yawan wata cutar daji a tsakanin masu sharar bututun hayaƙi, ya danganta ta da kunkunniyar da ke manne musu a jiki. Yau hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sa irin wannan mu'amala da kunkunniya a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar. Maganar ta fi shafar wanda ke shaƙa yana shafa kullum fiye da wanda ya ci burodi guda mai baƙin tabo, amma dalili ne mai ƙarfi na hana ta sauka a abinci, da kuma ba yaron tanderu abin rufe hanci da ruwan wanka.

Na uku shi ya fi tayar mini da hankali: tokar abin da bai kamata a ƙona ba tun farko. Tsadar itace na sa wasu su cusa duk abin da wuta za ta ci, tsohuwar ƙofa mai fenti, filawud mai gam, guntun turken lantarki, katakon da aka yi wa maganin gara, wani lokaci har da leda ko baƙin mai don wuta ta yi saurin kamawa. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. Wani maganin katako da ke ba shi launin kore-kore yana ƙunshe da asanik da kuromiyam da jan ƙarfe. Wuta ba ta lalata irin waɗannan, wani kaso ya bi hayaƙi, sauran ya taru a toka da yawan da ya fi na cikin katakon. Bulo kuma yana da ƙananan ƙofofi, yana sha. Babu tsintsiya ko tsumman da zai gyara wannan. Wanda ke son daɓe mai tsabta, daga wurin sayen itace zai fara: busasshen marke ko ƙirya ko makamantansu, masu yin garwashi mai ƙarfi su bar toka kaɗan. Ɗanyen itace kuwa hayaƙi zai cika tanderu da shi, ya ƙara kunkunniya.

## Yaushe ake fara shara?

Tanderu da kansa yake faɗa. Da farkon hura wuta rufin kan yi baƙi ƙirin. In bulo ya kusa digiri 400 a ma'aunin Salsiyas, baƙin sai ya fara ƙonewa, wani farin fili ya buɗe a tsakiyar rufi ya riƙa faɗaɗa yana gangarowa bango. Sai rufi ya washe gaba ɗaya ake cewa wuta ta yi. Wanda ya janye garwashi alhali akwai sauran baƙi a bango ya yi asara biyu: bulon bai ƙoshi da zafi ba, kunkunniya kuma na nan tana jiran ta zubo.

Kafin a janye, ana baza garwashin ya rufe daɓen duka, har lungunan gefe da kusa da ƙofa, a bar shi ya ɗan jima. Tsakiya inda aka tara itace kullum ta fi zafi, bakin ƙofa ya fi sanyi, bazawar ce ke rage wannan bambanci.

## Janyewa, sharewa, gogewa

Aikin hawa uku ne, kowanne da kayansa. Da farko a sa doguwar sanda mai faffaɗan ƙarfe a kai a jawo garwashi daga ƙurya zuwa baki. Wasu tanderu an gina su da rami a bakin ƙofa da garwashi ke faɗawa, inda babu kuma a tara da shebur zuwa bokitin ƙarfe. A ja a hankali. Dukan daɓe da ƙarfe yana fasa gefen bulo, kowane gefe da ya fashe kuma ya zama ma'ajin toka da wurin da farantin shigar da burodi zai riƙa tuntuɓe.

Sai burushi, shi ma daga ƙurya zuwa baki, ana bin gindin bango inda toka ke maƙalewa. Mai gashin tagulla ya fi, don ba ya kankare bulo. Mai gashin baƙin ƙarfe yana da haɗarin da ba a cika faɗa ba: in ya tsufa waya na karyewa ta zauna a daɓe, siririya ce ba a ganinta, tana iya shiga burodi ta tsaya wa mutum a maƙogwaro. A riƙa duba burushi, da ya fara zubar da gashi a jefar. Na roba kuwa ba ya zuwa kusa da tanderu. Bayan shara a dakata minti biyu ko uku, ƙurar da ta tashi ta sauka, in ba haka ba za a goge daɓe ta dawo ta kwanta a kai.

Gogewa ita ce inda aka fi yin ɓarna, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Ana ɗaura tsumma a kan doguwar sanda, a jiƙa, a zagaya da shi. Abin da ake so tsumma mai danshi, wanda aka matse har ya daina ɗiga. Ruwan da ke jikinsa na kama ƙurar ƙarshe da burushi ya bari, ɗan tururin da ke tashi kuma na ɗaga wadda ta shige tsagar bulo. Zagaye biyu ko uku cikin sauri ya wadatar, a fito da shi kafin ya bushe ya fara ƙauri.

Amma sai ka ga an tsomo buhu daga bokiti yana zuba, an maka shi a daɓe, ko ma a watsa ruwa da kofi wai don a rage zafi. Fuskar bulon da ruwa ya taɓa na sanyi nan take ta tsuke, cikinsa kuwa na nan da zafi a buɗe, wannan ja-in-ja ke tsaga shi. Ba lallai a ga tsagar ranar ba. Wata bayan wata fuskar daɓen ke ɓarewa, ya yi ramuka, ramukan su riƙe toka, shara ta ƙara wuya, a ƙara ruwa. Ga kuma haɗarin jiki: lita ɗaya ta ruwa in ta zama tururi tana cika wurin da ya kai lita 1,700, hanyar fitarta ɗaya ce, ƙofar da mai sharar ke tsaye. Sannan zafin da ruwan ya sha, itacen da aka saya da kuɗi ne ya tafi a banza, kuma daga daɓe ya tafi, wurin da aka fi buƙatarsa.

Irin tsumman ma abin lura ne. Buhun algarara ko tsohon tawul na auduga zalla su ne daidai. Buhun leda irin na fulawa ko shinkafa yana narkewa a wajen digiri 165, daɓen da aka gama janye wa wuta kuwa ya ninka haka, don haka zai narke ya manne a bulo, warinsa ya bi burodi. Yadin roba ma haka. Tsumman tanderu ya zama na tanderu kaɗai, ba a goge tebur ko ƙasan ɗaki da shi, ba a sa masa omo ko wani maganin wanki, a sauya ruwan bokiti da ya yi baƙi, in an tashi aiki a wanke a shanya. Wanda aka bari ya kwana a jiƙe, tsami yake yi.

## Hutun tanderu

Gama shara ba ya nufin a zuba burodi. A wannan lokaci fuskar bulo ta fi cikinsa zafi nesa ba kusa ba, rufi ya fi daɓe, ƙurya ta fi baki. Ana rufe ƙofa a bar shi ya huta, daga minti ashirin zuwa awa guda gwargwadon girmansa da kaurin ginin, zafi ya ratsa ya daidaita ya sauko inda burodi ke so, tsakanin digiri 200 da 250. Burodinmu mai sukari da madara ya fi son ƙasan wannan ma'auni, don sukari na saurin ƙonewa.

Tsohon gwaji shi ne a watsa ɗan garin fulawa a daɓe. In ya yi baƙi da hayaƙi nan take, da sauran zafi. In ya ɗauki ɗan lokaci, kamar a ƙirga goma sha biyar ko ashirin, sannan ya yi ja, an kusa. A share garin gwajin shi ma, ƙonanniyar fulawa ta fi toka ɗaci. Masu na'urar auna zafi daga nesa su sani cewa fuskar abin da aka nuna mata take karantawa, in akwai toka a wurin, zafin tokar za ta faɗa.

## Inda wuta ke zama a ciki

Masu gasa fiza a Napoli ta ƙasar Italiya ba sa fitar da wutar. Suna tura garwashi gefe guda, su ci gaba da ɗora itace don harshen wuta ya riƙa lasar rufi, su share ɓangaren da ya rage. Ƙungiyar kare fizar Napoli ta asali, wadda aka kafa a 1984, ta tanadi gashi na daƙiƙa 60 zuwa 90 a zafin da ya haura digiri 400, kuma a 2017 UNESCO ta sa wannan sana'a a jerin al'adun duniya da ake tattali. A gashin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba, kwaɓi tsirara a kan bulo, ɗan siririn toka ya isa ya bar gindi ɗanye. Don haka shara a wurinsu ba sau ɗaya ba ce. Itace na tartsatsi, toka na sauka, garin da ke zubowa daga faranti na ƙonewa, sai a riƙa bi da burushi tsakanin gashi da gashi. Da yawa ba sa son jiƙaƙƙen tsumma sam, don yana sace zafin daɓe, wasu ma da dogon bututun ƙarfe suke hure tokar ta koma wajen wuta. Wanda zai gasa nama ko kifi a cikin tire kuwa, janye garwashi da shara ɗaya ta ishe shi.

## Tanderun gurasa

Masu gurasa, irin na unguwar Jakara a Kano, lissafinsu daban ne. Tanderunsu tukunyar yumɓu ce, wutar na can ƙasa a cikinta, gurasa kuma a jikin bango ake manna ta, saboda haka toka na zaune a inda take ba a janye ta a tsakiyar aiki. Bangon ne ke buƙatar a goge da tsumma mai danshi bayan harshen wuta ya kwanta. Kunkunniya ko tokar kara da ta manne a jiki na hana kwaɓi kamawa, gurasa ta sulluɓe ta faɗa rushi. Dokar ruwa ɗaya ce da ta bulo, ta ma fi tsanani, don tukunyar yumɓu ta fi saurin tsagewa.

## Ina za a kai abin da aka kwashe?

Tokar da ta yi fari a sama tana iya riƙe garwashi mai rai a cikinta kwana biyu ko fiye. Kada a zuba ta a kwali, ko bokitin roba, ko kusa da tarin itace da buhunan fulawa, kada kuma a kai ta juji inda leda take da yara marasa takalmi. Bokitin ƙarfe mai murfi ake so, a ajiye a waje kan ƙasa ko siminti, nesa da bango. A waje, domin garwashin da ke ci a hankali yana fitar da iskar kabon monoksaid, gubar nan mara wari mara launi da ke kashe mutane daga hayaƙin janareta. Ma'aikatan da ke kwana a gidan burodi lokacin hunturu suna sha'awar jawo bokitin garwashi ɗaki don jin ɗumi, su rufe ƙofa. Mai gida ya hana wannan da babbar murya.

In ta huce sarai, tokar itace mai tsabta ba abin zubarwa ba ce. Masu rini a karofin Ƙofar Mata da ke Kano suna haɗa toka da baba. Manoma na cuɗa ta da wake a ajiya don hana ƙwari. Ana wanke tukunya mai maiƙo da ita, ana kuma baza ta a gona, inda take ƙara fotasiyam ta rage tsamin ƙasa, muddin ba a cika ba kuma ba a haɗa ta da takin yuriya ba, don haɗin na sa amfanin takin ya tsere a iska. Tokar da aka san an ƙona fenti ko katako mai magani ko leda a cikinta kuwa ba ta shiga ko ɗaya daga waɗannan, ba gona, ba wake, ba ruwan toka. A ware ta daban, a binne nesa da rijiya.